Yadda Ake Kamun Kifin Ahven a Ƙarƙashin Ƙanƙara da Ƙugiyar da Ka Haɗa da Hannunka

Duk wanda karatu ko neman abinci ya kai shi Finland, hunturun farko zai ga wani abu da zai ɗaure masa kai. Tafkin da ya gani cike da ruwa a watan Satumba ya zama fili fari fat a Janairu, ga mutane jefi-jefi zaune a kan bokiti, kowa ya sunkuya yana kaɗa ɗan sanda da bai wuce kamu biyu ba. Su suke yi. Sun huda ƙanƙarar, sun zura zare, kuma yawancinsu kifi ɗaya suke nema: wanda Ingilishi ke kira perch, 'yan ƙasar ke ce masa ahven. Shi ne kifin ƙasa na Finland tun 1994. Ba giwan ruwa ba ne, bai ma kama ƙafarta a girma ba. Wanda aka fi kamawa bai wuce matsakaiciyar karfasa ba, daga giram 50 zuwa 300, wanda ya kai rabin kilo kuwa abin a ɗauki hoto ne. Jikinsa kore-kore ne da baƙaƙen zane a tsaye, fikafikan ciki ja, ga ƙayoyi masu tsini a gadon baya.

Abin da ya sa wannan su ya dace da baƙo shi ne dokar ƙasar ta bar shi kyauta. Fatsa da tana da kuma su ta ramin ƙanƙara ba sa buƙatar lasisi, ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo. An dai hana a wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi a kogunan da kifaye masu ƙaura ke bi, da wasu wurare da hukuma ta keɓe, kuma duk suna kan taswirar shafin kalastusrajoitus.fi. Ka duba kafin ka fita. Idan a Kanada ko Amurka kake, akwai ɗan'uwan wannan kifi mai ruwan ɗorawa, dabarar kusan ɗaya ce, amma can sai ka sayi lasisi.

Zan faɗi ra'ayina tun yanzu, domin shi ne ƙashin bayan duk abin da ke tafe. Shagunan kayan su cike suke da ƙugiyoyi masu launi iri-iri, sabon shiga kuma yakan ɗauka wanda ya fi kashe kuɗi shi zai fi cika bokiti. Ba haka ba ne. Ahven ba ya tambayar farashi. Abu biyu ke kawo shi: ka gano inda garkensa yake, sannan hannunka ya iya motsa ƙugiyar ya kuma iya tsayar da ita. Ƙugiyar da ka haɗa a ɗakinka da guntun tagulla ta isa.

Ƙanƙara tukuna

Kafin maganar kifi, maganar ranka. Ƙanƙara iri biyu ce. Akwai garai-garai mai duhu, wadda ruwan tafkin kansa ya daskare ya zama, ita ce mai ƙarfi. Akwai fara mai kumfa-kumfa, wadda dusar ƙanƙara ta jiƙe sannan ta daskare, ƙarfinta rabin na farkon ne. Mai tafiya a ƙasa yana buƙatar aƙalla santimita 10 na mai duhun, kuma ita kaɗai ake ƙirgawa. Ba a auna kauri da ido ko da ganin sawun wani. Kana barin gaɓa ka huda ka auna, ka ƙara gaba ka sake hudawa.

Wuraren da ke cin mutane sanannu ne: bakin da kogi ke shiga tafki ko fita, mashigi tsakanin tsibirai biyu, ƙarƙashin gada, cikin ciyayin gaɓa, da inda bututun ruwan gari ke zubowa. Duk inda ruwa ke motsi a ƙasa, yana cin ƙanƙarar daga ciki ba tare da an gani a sama ba. Ƙanƙarar teku ta fi ta tafki rauni saboda gishiri. A ƙarshen hunturu kuma, wajen Afrilu, rana kan sa ƙanƙara ta rarrabe ta zama tsinke-tsinke a tsaye, sai ka ga mai kaurin santimita 30 ta rufta da mutum.

Ka sayi ƙusoshin ceto, waɗanda ake kira jäänaskalit. Mariƙai biyu ne masu tsini haɗe da igiya, ana rataya su a wuya a saman riga, ba a cikin jaka ba. Ka sa busassun kaya a leda mai ɗaurewa cikin jakar goyo, ka riƙe igiyar jifa da usur, kuma fitar farko ka bi wanda ya san tafkin. In ƙaddara ta sa ka rufta, minti na farko numfashi ne zai ƙwace maka, kada ka yi ta fafutuka, ka bari ya daidaita. Kana da kamar minti 10 kafin hannaye su daina yi maka biyayya. Juya ka fuskanci inda ka fito, don ƙanƙarar can ce ta ɗauke ka ɗazu. Miƙe ƙafafu baya kamar mai iyo, caka ƙusoshin, ja jikinka sama, sannan ka mirgina har ka yi nisa kafin ka miƙe tsaye. Lambar gaggawa 112 ce.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Mahudin ƙanƙara na hannu mai faɗin milimita 110 zuwa 130 ya ishi ahven, wanda ya fi haka faɗi wahalar da kafaɗa kawai zai yi. Na kamfanin Mora na Suwidin ne aka fi gani, kuma ana samun na hannu da araha. Sai ludayi mai huji-huji na kwashe garin ƙanƙara daga rami, ɗan sandan fatsa mai ƙaramin faifan naɗe zare, da bokiti ko akwati mai murfi wanda shi ne kujera shi ne ma'ajiya. Sanduna biyu sun fi ɗaya: guda da zare mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25 don manyan ƙugiyoyi, guda da siriri 0.12 zuwa 0.16 don ƙanana. Sauya ƙugiya da daskararrun yatsu azaba ce, shi ya sa ake ɗaure komai tun a gida.

Sutura kuwa hawa-hawa ake sawa. Kada auduga ta taɓa fatarka, tana riƙe gumi ta zame maka sanyi. Takalmi ya zama mai yalwa da zai ɗauki safar ulu biyu ba tare da ya matse ba. A Helsinki hasken rana a Disamba awa shida ne kacal, azahar da la'asar kusan a manne suke, don haka ka yi alwalarka a gida ka fito da shayi a filas.

Ƙugiyoyin yaudara iri uku

Ta farko doguwa ce mai rataya a tsaye, pystypilkki, guntun ƙarfe mai walƙiya da ke karkacewa gefe idan an sake shi. Ta biyu mai siffar ɗan kifi ce da ke rataya a kwance, tasapainopilkki, tana da ɗan fiffiken roba a wutsiya wanda ke sa ta zagaya a ruwa. Kamfanin Rapala ne ya yi fice da ita. Shi kansa Lauri Rapala, wanda ya kafa kamfanin, a 1936 a tafkin Päijänne na Finland, da wuƙa ya sassaƙa kifin yaudararsa na farko daga toshiyar kwalba, ya naɗe shi da takardar azurfa ta cakulan. Wato sana'ar tun asali ta hannu ce. Ta uku ita ce mormishka, 'yar mitsitsiyar ɗigon ƙarfe da ƙugiya a jiki, wadda masuntan Rasha suka ƙirƙiro don kwaikwayon wani ɗan ƙwaron ruwa da ahven ke so.

Mai kwanciyar ka saya, daidaita nauyinta a gida yana da wuya, guda biyu masu tsawon santimita 5 sun isa. Sauran biyun ka haɗa da kanka.

Haɗa mormishka

Ka tanadi fallen tagulla ko gaci siriri, kaurin milimita 0.2 zuwa 0.3, da ƙananan ƙugiyoyi masu lamba 14 zuwa 18, da ƙarfen liƙi irin na masu gyaran rediyo da wayarsa ta narkawa, da man liƙi, almakashi, ƙaramin magagari, samfefa mai laushi, ƙwallon boris mai faɗin milimita 3 zuwa 5, da siririyar waya wadda liƙi ba ya kama ta. Wayar cikin tsohuwar hita ita ce daidai.

Ɗora fallen a kan katako mai taushi, sa ƙwallon boris a kai, buga da guduma sau ɗaya ko biyu. Zai lotsa ya zama ɗan ƙoƙo. Yanke shi da almakashi, ka bar gefe ɗaya da ɗan tsawo kamar ɗigon ruwa, nan ƙugiya za ta kwanta. Da allura ka huda ƙoƙon, ba a tsakiya cif ba, ka ɗan matsa zuwa ɓangaren da ya fi faɗi. Wurin hujin nan shi ke yanke yadda za ta rataya a ruwa.

Kankare cikin ƙoƙon har ya yi haske, shafa man liƙi, ka ɗan narka masa liƙi kaɗan ya kama. Yi wa sandar ƙugiyar haka ita ma, bayan ka goge baƙin fentinta da samfefa. Wannan mataki ne mutane ke tsallakewa, sai ƙugiya ta zare daga jiki ranar da babban kifi ya kama. Yanzu kifa ƙoƙon a kan katako bakinsa sama, zura wayar hitar ta hujin ta nutse cikin katakon ta tsaya, kwantar da ƙugiyar tsininta na kallon sama, sannan ka cika da liƙi har ya yi tudu. Kada ka bar zafi ya daɗe a kan lanƙwasar ƙugiya, yana kashe ƙarfinta ta riƙa miƙewa. Da ya huce, zare wayar da filaya, ka samu hanyar zare.

Saura gyara. Goge da magagari da samfefa har tagullar ta yi ƙyalli. Bakin hujin sama da ƙasa ka murza masa tsinin allura ya yi sumul, in ba haka ba zai yanke siririn zarenka. Wasu na cusa ɗan bututun roba da suka zare daga siririyar wayar lantarki, ya fi kare zaren. Gefen liƙin kana iya shafa masa baƙin jan farce ko ka bar shi. Ni dai tagulla tsirara da baƙi su na fi yarda da su, sai ɗan jan dutsen ado guda a kan ƙugiya.

Wajen ɗauri, zaren yana shiga hujin daga sama, ya fito ƙasa, a naɗe shi a sandar ƙugiya sau biyar ko shida a ja. In ta rataya kusan a kwance, tsini a sama, ka yi daidai. In ta rataya a tsaye kamar ɗan kunne, ba za ta riƙa kama leɓe ba, sake ɗauri.

Maganar nauyi tana da muhimmanci. Kuza ba ta da nauyi sosai, giram 7.3 ne a kowace santimita kubik (ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe), dalma 11.3, ƙarfen tangistin kuwa ya haura 19. Shi ya sa mormishkar tangistin ta shago ke nutsewa da sauri duk da ƙanƙantarta, kuma ba a iya narka shi a gida. Taka ta liƙi za ta yi aiki sosai a ruwan mita 1 zuwa 4. Ya wuce nan, sayi ta tangistin guda biyu. In liƙinka mai dalma ne, ka buɗe taga, ka wanke hannu kafin cin abinci, ka nisanta yara daga garin da magagari ke zubarwa, kuma kada ka ciji dalma da haƙori. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon wa'azi a kan wannan. Akwai liƙi marar dalma, na kuza da ɗan tagulla, yana narkewa a wajen digiri 227, ya ɗan fi rashin nauyi amma hankalinka kwance.

Haɗa doguwar

Wannan ta fi sauƙi. Yanke fallen gaci mai tsawon santimita 4 zuwa 5, faɗi milimita 7 ko 8 a ƙasa, yana tsukewa zuwa sama. Ɗan lanƙwasa shi a tsawonsa ya yi kwari. Lanƙwasa waya marar tsatsa ta yi zobe a kai da kai, kwantar da ita a kwarin, ka cika da liƙi yadda tudun zai fi kauri a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa. Fuska ɗaya ruwan zinariya, ɗaya ruwan azurfa, idan tana juyawa sai ta riƙa walƙiya. Mariƙin ƙaramin cokalin shayi ma yana yi: yanke shi, huda kai biyu, shi ke nan.

A zoben ƙasa kada ka manna ƙugiya kai tsaye. Rataya ta da ɗan zare ko 'yar sarƙa mai tsawon santimita 3 zuwa 5. Ƙarfen ne ke kiran kifi daga nesa, amma 'yar ƙugiyar da ke lilo a ƙasa ita yake zuƙa. Gwada ta a baho ko dogon bokiti: in ka sake ta ta faɗi tsaye kamar ƙusa, ba ta da rai, ka rage liƙin sama ko ka ƙara lanƙwasa. So ake ta kwanta gefe, ta sulale, sannan ta dawo tana rangaji.

Neman garken

A nan ake rabuwa tsakanin mai komawa da kifi da mai komawa da mura. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, don haka a hunturu ruwan da ya fi ɗumi yana ƙasa, na dab da ƙanƙara yana kusa da sifili. Ahven yakan zauna kusa da ƙasa, cikin garke, kuma da ido yake farauta, da dare ba ya ci. Garken ba ya warwatse ko'ina. Yana bin gangaren da ƙasa ke faɗawa daga mita 2 zuwa 5 ko 6, da tsinin tsibiri, da tudun duwatsu a tsakiyar tafki, da bakin ciyayi. Taswirar zurfi a waya tana rage yawo.

Huda ramuka shida zuwa takwas a jere daga gaɓa zuwa zurfi, tazarar taku goma-goma, kafin ka zura komai. Ƙarar mahudi na korar kifi a ruwa marar zurfi, lokacin da za ka dawo ramin farko sun natsu. In zurfin bai kai mita 2 ba, kada ka share ramin tas, bar garin ƙanƙara ya yi inuwa, ka huda shi da ɗan tsinke zare ya wuce. Kowane rami ka ba shi minti biyar. Ba ko taɓawa, tashi. Zama a rami ɗaya awa guda ana jiran rabo ba haƙuri ba ne, lalaci ne.

Lokaci ma yana da nasa. Makonnin farko bayan ƙanƙara ta yi ƙarfi kifin na da kuzari. Tsakiyar hunturu, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, haske ya ragu, iskar shaƙa a ƙananan tafkuna ta yi ƙasa, sai cin ya yi sanyi, nan mormishka ke nuna kanta. Maris zuwa farkon Afrilu shi ne kakar abin: rana ta yi tsawo, manyan mata cike da ƙwai suna matsowa gaɓa kafin su zuba bayan narkewar ƙanƙara.

Wasan hannu

Fara da babba, doguwar ko mai kwanciya, domin ita ce mai shela. Sake ta har zare ya saki, ka san ta taɓa ƙasa. Buga ƙasan sau biyu ko uku, ƙurar laka ta tashi, ahven na son zuwa duba ƙura. Ɗaga ta kamar kamu ɗaya daga ƙasa, nan ne mazauninta. Yanzu fizga sama santimita 30 zuwa 40 da wuyan hannu, ka mayar da bakin sanda inda yake nan take, sannan ka tsaya cak.

Tsayawar ita ce ainihin su ɗin. Ƙugiyar na can tana zagaye tana komawa tsakiya, kifin na kallo, kuma mafi yawan cizo yana zuwa ne a lokacin da ta kusa daina motsi. Ƙirga uku zuwa biyar a ranka. A tsakiyar hunturu ƙirga har goma. Sabon shiga yakan yi ta kaɗawa ba hutu, ya tara kifi a ƙarƙashinsa ya hana su dama. Bayan fizga goma ba labari, ɗaga rabin mita ka maimaita, wani lokaci garken na tsakiyar ruwa yana bin ƙananan kifaye.

In ka ji an taɓa amma ba a kama ba, ko cin ya tsaya bayan kifi biyu-uku, ajiye babbar ka zura mormishka a ramin nan. Sandarta na da ɗan harshe mai laushi a baki, na roba ko siririn ƙarfe, wanda nauyin mormishkar ke ɗan lanƙwasawa. Daga ƙasa za ka fara, kana karkaɗa hannu ƙanana-ƙanana da sauri kamar mai rawar ɗari, kana ɗagawa a hankali, santimita kaɗan-kaɗan, ka tsaya bayan kowane kamu. Abin da ake so shi ne kaɗawar ta zama iri ɗaya ba yankewa. Idonka a kan harshen. In ya dunƙusa ƙasa, cizo ne. In ya miƙe sama kamar nauyin ya ɓace, shi ma cizo ne, kifin ya ɗauka ya taso. Tsutsar ƙuda guda ko biyu a ƙugiya na ƙara armashi ranar da suka yi nauyin baki, ana sayar da ita a shagunan su, ka ajiye ta a aljihun ciki kada ta daskare. Amma da hannu ya saba, ƙarfen kaɗai na kamawa.

Kada ka fizga da ƙarfi. Fatar bakin ahven siririya ce, tana yagewa. Ɗaga hannu kawai, ajiye sandar a gefe, ka jawo zaren hannu bi hannu ba tare da ya saki ba, ka rage sauri a bakin rami har kan ya shigo. Kama shi daga kai zuwa baya don ƙayoyin su kwanta, ka kula da tsinin da ke kan marfin kumatunsa. Sannan ka yi maza ka mayar da ƙugiya. Garken na tsayawa ne muddin akwai abin da ke motsi, in ka tsaya ɗaukar hoto sai ka tarar sun wuce. Manyan sukan tsaya a gefen garke ko ƙasansa, don haka in ƙanana sun dame ka, huda wani rami taku biyar zuwa wajen zurfi ka sa babbar ƙugiya.

Wanda za ka ci, ka buge shi a ka nan take, ka yanka maƙogwaro jini ya fita. Wanda za ka saki, ka mayar da shi kafin idonsa ya daskare. Wanda aka jawo daga zurfin da ya kai mita 10 kuwa yawanci ba ya rayuwa in an sake shi, jakar iskar cikinsa kan kumbura, don haka a irin wannan zurfi duk abin da ka kama naka ne.

Ɓawon ahven yana da taurin kankarewa, feɗe shi ya fi sauƙi: tsaga fata a gefe biyu na ƙayar baya, cire ƙayar, ja fatar daga kai zuwa wutsiya. Naman fari ne, ba ƙarni sosai, yana karɓar yaji da man shanu a kasko. Ka tabbatar ya dahu har ciki, domin kifayen tafkunan Finland, har da ahven, kan ɗauki 'ya'yan tsutsar ciki mai faɗi, kuma wuta ce ke kashe ta ko daskarewa mai tsanani a firiza na kwanaki. Ƙananan da ba su kai a soya ba su ne na farfesu.